Shanun da Na Biya wa Haraji

Shekarar da nake koyar da lissafi a wata firamare a Malumfashi, aka gano an daɗe ana yankar mini kuɗin fansho fiye da ƙima, aka mayar mini da rarar. Hedimasta ya ce dole in bayyana ta a fom ɗin haraji, in kawo ya cike mini. Na ce, "Haba, ranka ya daɗe, malamin lissafi guda?"

Da aka tashi yara na zauna gindin mangwaro da birona. Ina rubuta adadin, sai hankalina ya lula garinmu Gozaki. Ga bijimaina biyu suna jan garma, auduga ta yi fari fat har bakin rafi, injin niƙa yana ta ƙugi a ƙofar gida. Da na iso gurbin sauran hanyoyin samu, hannuna ya zayyana su kaf. Ai a zuciyata na riga na saya.

Bayan wata guda ma'aikacin haraji ya diro gidana a kan babur. Ya dubi akuyarmu ɗaya tilo, ya ce, "Malam, ina shanun?"

Matata Rifkatu ta leƙo daga madafa. "Suna kiwo a cikin kansa."

Kafin a gyara fom ɗin, wata uku ana yankar mini harajin attajiri, rarar ta bi ruwa. Har yau in an tashi daga coci, dattawa sai sun tare ni, ba ko murmushi: "Malam, ya shanu? An dai ba su ruwa ko?"