Kaka a Kan Sikeli

"Lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ta ƙi barina. Kai kuma yau da ƙafa ka zo? Ban ji ƙarar babur ba."

Kaka na zaune a bakin ɗakinta, ta miƙe ƙafa tana shafa wa gwiwarta man zafi. Jikanta, wanda take kira Maigida tun yana zanen goyo, ya sauke jakar kayan aikinsa ya jawo kujerar roba ya zauna. Mai gyaran firji ne, gida-gida yake bi, kuma wata huɗu ke nan da ya sayi sabon babur. Shi ke kai ta asibiti duk Alhamis a duba mata gwiwa, amma Alhamis biyu a jere tasi ya turo mata, wai aiki ya yi masa yawa.

"Babur yana kwance, Kaka," in ji shi.

"Zazzaɓi yake yi?"

"Karaya ce. Kuma an gano wanda ya karya shi."

"To Allah ya tona asirinsa."

"Amin. Ke ce."

Ta daina shafa man, ta dube shi sama da ƙasa. "Ni? Ni da in iska ta taso sai na riƙe ƙofa?"

"Haka kike gani. Ni da nake ɗaukar ki na san abin da nake ɗauka. Duk ranar da kika hau, tayar gaba ɗagawa take yi tana gaida mutanen hanya."

"Wannan tuƙinka ne na ɗan koyo. Kakanka ya goya ni a keke shekara talatin, ko sau ɗaya bai yi kuka da ni ba."

"Allah ya ji ƙansa. Shi ya sa har ya bar duniya yana dafe da baya."

Ta jefe shi da murfin man, ya cafe yana dariya. Amma dariyar ba ta yi nisa ba, ita ma ta lura. Ta ce ya daina wasa ya faɗa mata abin da ya faru.

Ya ce mako uku da suka wuce yana saukowa daga gada ya ji kan babur yana rawa a hannunsa. Ya lallaɓa ya kai wa mai walda. Mai walda ya cire tanki, ya haska fitila, sai ga tsaga a jikin shasi, wato ƙarfen da ya riƙe babur ɗin gaba ɗaya, daidai inda wuya ya haɗu da jiki. Mai walda ya ce da ya ƙara faɗa wa rami biyu, da kai ya tafi gabas, jiki ya tafi yamma. Ya kuma ce ba zai taɓa ba, don in wutar walda ta hau wurin, garanti ya mutu.

Kaka ta ajiye man a gefe. Ta ce, "A kan gada?"

"A kan gada."

"Ka ɓoye mini."

"Na san ki. Da kin hana ni hawa ko da kujera ce."

Ta share hancinta da gefen mayafi, ta gyara zama. "To ba sabo ba ne? Ka mayar musu da kayansu mana."

"Na je wurin dila. Ya ce shi sayarwa kawai yake yi, ba shi ya ƙera ba, in kira kamfani. Na kira kamfani, wata mai zaƙin murya ta ce in turo hoto. Na tura. Ta ce hoton ya yi duhu. Na sake turawa. Ta ce ya yi haske."

"Da ka tura mata naka, da tsoro ya sa ta biya ka nan take."

"Da na tura naki, da sun rufe kamfanin sun gudu. Daga ƙarshe dai suka ce sai da takardar dila, ya rubuta abin da ya jawo tsagar. Na koma wurinsa. Ya ɗauki biro ya rubuta: lodi ya yi yawa. Kamfani suka ce in lodi ne, babu ruwansu."

"Wane lodi? Firji kake ɗaurawa?"

"Haka na ce masa. Na ce ba na ɗaukar komai sai jakar nan da kakata. Ya ce to wataƙila kakar ce."

"Haka ya ce?"

"Da bakinsa."

"Ni ce lodi."

"A rubuce ma, Kaka. Da sa hannu da hatimi. Kin shiga takardun kamfani."

Ta miƙa masa hannu. "Tashe ni. Ɗauko mini takalmina da sandata."

"Ina za ki?"

"Zan je in ga mutumin da ya auna ni bai gan ni ba."

"Ki rufa mini asiri. Ina da gidaje shida da ke jirana, naman mutane yana lalacewa a firji. Jiya ma wani otal ya kira wani mai gyaran don na makara. Kada ki je ki ɓata ɗan abin da ya rage."

"Mako uku kana gyarawa, me ka gyara? Miji ne kai ko hoton miji? An zagi matarka, ka dawo kana ba ta labari kana washe baki. Tare mana tasi."

Shagon dila dogo ne, sababbin babura a jere cikin leda, ƙamshin taya ya cika ko'ina. Dila na bayan teburi, mutum mai tumbi da fara'a, makullai a rataye bayansa. Da ya ga Maigida sai fara'ar ta ragu. Da ya ga tsohuwa a bayansa sai ya miƙe.

"Sannu da zuwa, Mama. A ba Mama kujera."

"Bar kujerarka, ɗan nan, kada ta tsage. Ni ce lodin."

Dila ya dubi Maigida, Maigida ya dubi silin.

"Mama, ni ban ce ke ce ba. Cewa na yi ban ga kakar ba, ba zan iya rantsewa ba."

Kaka ta juya ga jikanta. "Wato ka ƙara gishiri."

"Kaɗan. Ke kika koya mini, ba kya son abu lami."

"Za mu yi wannan shari'ar a gida." Ta koma kan dila. "To yanzu ka gan ni. Kawo sikeli."

"Mama, ai ba sai an kai ga haka ba."

"An kai. Ka rubuta abu a takarda, yau za mu ga ko gaskiya ka rubuta."

Akwai babban sikeli a lungun shagon, wanda ake auna kwalaye idan mota ta sauke kaya. Dila ya jawo shi yana murmushin dole. Masu sayen kaya biyu da makanikin shagon suka matso kallo. Kaka ta miƙa wa Maigida sandarta, ta dafa kafaɗarsa ta hau.

"Ki cire ɗankunne," in ji shi. "Kada a ce mun yi cuta."

"Rufe mini baki. Nawa ya nuna?"

Makaniki ya sunkuya. "Kilo arba'in da ɗaya."

"Sikelin ya ji tsoronta ne," in ji Maigida. "A sake."

"Miƙo jakar," in ji Kaka. Ta rungume jakar kayan aikin, allura ta matsa zuwa hamsin da uku. "Kai ma hau."

"Ni kuma?"

"Babur ɗin shi yake tuƙa kansa? Hau. In akwai lodi a gidanmu, wannan kan naka ne."

Ya hau gefenta, suka tsaya a matse kamar masu ɗaukar hoto. Ɗari da sha tara. Kaka ta sa aka ɗauko littafin da ke zuwa da babur, ta ce dila ya karanta da ƙarfi nauyin da aka ce yana ɗauka. Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa, sannan ya ce a hankali, "Ɗari da hamsin."

"Ban yi makaranta ba," in ji Kaka, "amma na yi shekara arba'in ina sayar da atamfa. Wanne ya fi?"

Masu kallo suka yi dariya. Dila ya ce wannan ba hujja ba ce, don ba wanda ya san abin da ake ɗaurawa idan an bar shago. Maigida ya fara yi masa bayani, murya ta fara hawa. Ita kuwa Kaka gwiwa ta dame ta, ta karɓi sandarta ta nufi wani benci da ta hango a bayan shago, inda ake gyara. Ba ta daɗe da zama ba ta kira.

"Maigida, zo ka ga 'yan uwan naka."

Babura biyu ne a jingine da bango, irin nasa sak, an cire musu tanki. Kowanne an zagaye wuyansa da alli, kuma a tsakiyar allin ga tsaga, daidai wurin da tasa take. Nasa ma, da ya bari a wurin dila, yana gefe, ƙura ta rufe shi.

Kaka ta nuna su da sanda, ta dubi dila da ya biyo su. "Su ma waɗannan kakanninsu ne suka fasa su?"

Makaniki ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Dila ya share gumi ya zauna a ɗaya gefen bencin. Ya ce gaskiya tun watan jiya ya gane waldar wannan zubin ba ta kama ba. Amma duk dilan da ya cika kai ƙara, kamfani kan ja masa rai wajen turo sabon kaya, shi kuma da wannan shagon yake ci da iyali.

"Na ji," in ji Kaka, muryarta ta sauka. "Kai ma kana da naka. Amma yaron nan a kan gada abin ya same shi. Shi kaɗai uwarsa ta bar mini. Da ya faɗi, wace takarda za ka rubuto mini?"

Dila ya miƙe. Ya ciro waya ya kira wakilin kamfani, ya fara da gaisuwa mai tsawo da kame-kame. Kaka ta miƙa hannu ta karɓe wayar ta kara a kunne.

"Kai ne mai ƙera babur ɗin? To saurara."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta faɗa masa nauyinta, da na jaka, da na jikanta. Ta faɗa masa gada, da alli, da babura uku a jingine. Ana jiyo muryar wakili siririya yana "Mama, bari in yi bayani," ita kuwa ta wuce zuwa naman mutane da ke lalacewa a firji. Ya ce akwai ƙa'ida, ta ce gwiwarta. Ya ce sai an kafa kwamiti, ta ce za ta sa a ɗauke ta hoto a kan sikeli, rungume da jaka, jikokinta mata su watsa a waya kowa ya ga lodin da ya karya ƙarfensu. Ta yi minti goma cur, sannan ta miƙa wa dila wayarsa.

Dila ya saurara yana gyaɗa kai. Da ya kashe, sai ya yi ajiyar zuciya. "Ya ce in rubuta sabuwar takarda, in haɗa duka ukun. Sabon shasi zai zo cikin kwana goma. Kafin nan in ba shi babur ɗin shago ya riƙa aiki." Ya yaga tsohuwar takardar a gabanta, ya rubuta wata, Maigida ya karanta sau biyu kafin ya yarda. Dila ya miƙa masa makulli, ya ce wa Kaka, "Mama, ki yafe mini."

"Na yafe. Ka kira masu waɗancan biyun yau, kada su ji a bakin wani."

A waje Maigida ya tayar da babur ɗin aro, ya ɗaure jaka, ya taimaka mata ta hau. Bai ja ba tukuna, ya waiwayo.

"Ban taɓa ganin irin wannan ba. Mutumin da ko sakatariyarsa ban iya wucewa ba, kin hana shi ko numfashi. Duk abin da ya kawo sai ki bi ta kansa. A ina kika koyi wannan?"

"A kasuwa. Kai dai ja mu tafi." Ta gyara mayafi, ta riƙe rigarsa. Sai kuma ta matso da bakinta kusa da kunnensa. "Wai me yake ta cewa ne, mutumin?"

"Kamar yaya me yake cewa? Ba ke kika yi magana da shi ba?"

"A kunnen hagu na kara wayar. Wannan kunnen ya fi shekara biyar rabonsa da jin komai. Da na ankara na riga na fara, na ga in na tsaya canja kunne zai samu wurin shiga."

Maigida ya kashe babur. Ya kifa kansa a kan tanki yana dariya har hawaye, mutanen da ke wucewa suna waiwayen su.

"Na sallama," in ji shi da ya samu numfashi. "Daga yau ke ce maigida. Faɗi abin da kike so a hanyar nan, in tsaya in saya miki."

"Lemo. Mai zaƙi, kuma kai za ka ɓare." Ta dungure masa ƙeya. "Kuma ka faɗa ta dama, in ji da kyau. Sake cewa ka sallama."