Kada ko Giwa

A garinmu, Tungar Kanya, can bakin gulbi, an yi wani bawan Allah wai shi Nomau. Ƙato ne, ya ba talatin baya, buhun gero a kafaɗarsa ba komai ba ne. Amma fa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban taɓa yi masa dariya da zuciya ɗaya ba, don na san gidan da ya fito. Yana zaune da mahaifiyarsa Inna Tabawa da mahaifinsa Malam Jatau, tsohon maharbin da giwa ta karya wa ƙugu, bai sake tafiya ba sanda ba. A ƙetaren gulbi kuma akwai ƙanen Jatau, Dogara masunci, wanda kada ya cire wa hannun hagu tun daga gwiwa.

Shekara goma sha bakwai ke nan, a wajen wani suna, aka tada hirar wa ya fi tauri, kada ko giwa. Jatau ya ce, "Kada? Ai ƙadangare ne ya samu ruwa." Dogara ya dubi dungulmin hannunsa, ya tashi, ko tuwon bai ci ba. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su. Mu kam mun san ba dabbobi suke wa gardama ba, kowa ciwon jikinsa yake karewa. To, a daminar da nake ba ku labari Jatau ya kwanta ciwo, kwanciyar da kowa ya gane ba ta tashi ba ce. Inna Tabawa ba ta da fargaba sai ɗaya: kar mijinta ya cika bai yafe wa ɗan'uwansa ba, shi ma bai yafe masa ba.

Wata rana zazzaɓi ya yi wa Jatau nauyi, yana ta kiran sunan ƙanensa. Inna Tabawa ta ce, "Nomau, maza ƙetara ka gaya wa Baffanka abin da ka ji Babanka yana faɗi." Nomau ya shiga kwalekwale ya haye. Ya durƙusa gaban Dogara ya ce, "Baffa, Baba ya ce Dogara, Dogara, Dogara." Idon tsohon ya kawo ruwa, har ya fara laluben takalminsa. Nomau ya ci gaba, "Sannan ya ce a ba shi ruwa. Sannan ya ce kunun ba tsami. Sannan ya ce mai hannu ɗayan nan har yau bai san giwa ba." Dogara ya mayar da takalmin inda yake.

Wata rana liman ya zo dubiya, Inna Tabawa ta kai masa kuka. Ya girgiza kai ya ce, "Wannan gardama tasu, ai sai dai a gwada fatun a gani." Shi magana kawai ya yi, amma Nomau na bakin ƙofa. Ya ɗauko tsohuwar garkuwar fatar giwa da ke rataye a ɗakin ubansa, ya aro ƙirgin kada wajen wani baduku, ya ɗora su kan turmin Inna, ya kama kirɓa tun hantsi. Da azahar taɓarya ta rabe biyu, turmin kuma ya tsage har gindi. Ya shigo yana gumi ya ce, "Inna, na gwada. Su biyun sun fi turminki tauri." Kwana huɗu a gidan maƙwabta ta yi daka.

Wata rana ya dame ta da tambayar wa ya fi, ita kuma ranta a ɓace, ta ce, "Ni ka ƙyale ni, je ka tambaye su da kansu!" Ya tafi bakin gulbi, ya sami wani tsohon kada yana shan rana kan yashi. Ya yi sallama, ya zauna nesa kaɗan, ya yi tambayarsa da ladabi. Allah ne dai ya tsare. Washegari ya shiga daji neman giwa, ya yini yana yawo, ko sawu bai gani ba, don rabon dajin nan da giwa an daɗe. Ya dawo ya ce, "Kada ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa. Giwa kuma ta tashi daga garin." Jatau na kwance yana ji. Ya juya fuska bango.

Wata rana da safe, jikin ya tsananta, Inna Tabawa ta fita neman mai magani. Jatau ya farka da 'yar ragowar faɗansa ya ce, "Da wani zai kai ni gaban Dogara, wallahi da na faɗa masa ido da ido!" Shi ke nan. Nomau ya goya ubansa da zanen Inna, ya bi ta tsakiyar gari. Mata na ihu, "Nomau, za ka kashe shi! Sauke shi!" Bai ko waiwaya ba, don ba su suka aike shi ba. Ya sa tsoho a kwalekwale, gulbi a cike maƙil, ya tuƙa.

Dogara na ƙofar gida yana gyaran taru, ya danne shi da ƙafa. Nomau ya kwance goyo ya ce, "Baba, ga shi. Faɗa masa."

Dogara ya ga yadda wansa ya ƙare, ƙashi da fata. Jatau ya buɗe baki da ƙyar, "Giwa..."

"Giwa ce, Yaya," in ji Dogara. "Na yarda. Giwa ta fi."

"Ƙarya kake," in ji Jatau. "Ni na janyo ka daga ruwa ranar nan, na ga haƙoransa. Kada ne."

"Na ce giwa ce!"

"Yaro, ni za ka musa wa?"

Haka suka yi ta yi, kowa na tura wa ɗan'uwansa nasara, kan Jatau a cinyar Dogara. Inna Tabawa ta hayo a fusace za ta ci mutuncin ɗanta, ta ji su, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Kafin la'asar Jatau ya cika.

Dogara ya ce ba wanda zai wanke masa wa sai shi, da hannunsa ɗaya. Ya miƙa wa Nomau buta ya ce, "Ɗana, riƙa zuba min a hankali, har sai na ce ya isa." Nomau ya zuba a hankali. Buta ta ƙare ya sake cikowa, ta ƙare ya sake. Muna waje muna jira da likkafani, sai da tulu uku ya ƙare, don Dogara ya kasa buɗe baki ya ce ya isa.