Maganin Ɓarawon Malam Tanimu

Duk wanda ya zauna a Malumfashi ya san motar Malam Tanimu, tsohon ma'aikacin gidan waya. Baƙar mota ce mai dogon hanci, ta girmi ɗansa na fari da shekara tara, kuma idan ta taso daga bakin kasuwa sai kajin unguwarmu sun watse. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya kalle ta sau biyu don sha'awa ba, amma shi Malam Tanimu ya yi imani duk ɓarayin jihar nan ita suke kwana suna mafarki. Shi ya sa ya je har Kano aka sa mata wani ɗan makunni na sirri a ƙarƙashin kujerar baya. In ba a ɗaga kujerar an danna shi ba, ko shekara za ka yi kana murɗa makulli, ba za ta ce uffan ba. Ko matarsa bai gaya wa ba.

To, ran wata Asabar za a ɗaura auren jikar surukinsa, Baba Na'iya, a Bakori da ƙarfe sha ɗaya, kuma tsohon ne waliyyi. An kawo wa Baba motoci masu sanyi har biyu, amma Malam Tanimu ya durƙusa ya rantse shi zai kai shi da hannunsa.

Da safe ya fito da motar ƙofar gida ya wanke ta, ya kashe makunninsa saboda ɓarayi, ya shiga sa babbar riga. Kafin ya fito, Baba Na'iya ya iso, ya buɗe baya, ya yi bisimilla ya zauna daram a kan sirrin, ya ciro carbi.

Ka ga tashin hankali. Mutum ya ce wa surukinsa "tashi"? Da wane bakin? Kuma ko ya iya faɗa, ga 'yan ɗaurin aure cike da ƙofar gida, kowa zai ga inda makunnin yake. Sai Malam Tanimu ya yanke shawarar da ni har yau nake jin haushinta: zai yi kamar motar ta lalace, in tsoho ya gaji ya sauka shan iska, sai ya yi wuf ya danna.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya fito ya buɗe bonet, ya tsaya yana girgiza kai kamar likita.

"Batir ne," in ji wani.

"Ina! Fulogi ne," in ji wani, wanda ko keke ba shi da shi.

Aka ce a tura. Muka tattare manyan riguna muka tura ta har bakin masallaci, muka juyo da ita, muka sake. Ni da kaina na bar takalmi ɗaya a kwata. Duk wanda ya riga ya shiga motar ya sauka don a rage nauyi, ban da Baba Na'iya, wanda ko gezau bai yi ba.

Malam Tanimu ya zagayo ya tsuguna a bakin taga, kansa a ƙasa. "Baba, ko za ku ɗan sauka ku sha iska? Akwai zafi a ciki."

"A'a, Malam, ba komai. Ai in na sauka gwiwoyin nan ba za su sake hawa ba. Ku yi aikinku, ina yi muku addu'a."

Ƙarfe goma saura kwata aka kira Ilu bakanike. Shi Ilu ba ya tambaya, kwancewa yake yi. Kan ka ce me, ya cire batir ya ɗaura nasa, ya zare fulogi huɗu ya goge su da gefen rigarsa, ya tsotsi fetur da baki ya tofar. Malam Tanimu yana tsaye yana kallo ana fiɗar motarsa, gumi na bin gemunsa, ga waya daga Bakori sai ƙara take, liman ya iso, dangin ango sun zauna.

Da ya ga Ilu ya ɗauko babbar sifana ya nufi kan injin, sai haƙuri ya ƙare. Ya ja shi gefe ya raɗa masa gaskiya a kunne, ya haɗa shi da Allah ya rufa masa asiri. Abin da ya manta shi ne, shekara talatin Ilu yana aiki cikin ƙarar inji, bai san ana magana a hankali ba.

"Maganin ɓarawo?" Ilu ya kwaɗa da ƙarfi. "A ƙarƙashin Baba? Haba Malam! Shi ne ka bar ni na sha fetur ban karya ba?"

Baba Na'iya ya mayar da carbinsa aljihu, ya dafa ƙofa ya sauko da ƙyar. Ilu ya ɗaga kujera ya danna, ya mayar da fulogi, aka murɗa makulli sau ɗaya tak, mota ta ɗauka da tari da hayaƙi.

Malam Tanimu ya zube ƙasa. "Ku gafarce ni, Baba. Tsoron ɓarayi ne ya sa. Kun san irin wannan motar, idon kowa a kanta yake."

Tsohon ya kalli motar tun daga hanci har wutsiya, ya kalli ƙofar da aka ɗaure da waya, ya kalle mu muna haki cikin riguna sharkaf. Sannan ya ce:

"Malam, cire abin nan. Duk ranar da Allah ya kawo ɓarawon da zai ɗauke ta, aiko a kira ni. Da gwiwoyin nan nawa zan tura masa."