Ɗankwalin da Na Jefa Kan Rufi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakina ya kai ni ƙara da kansa, babu ɗan sanda babu alƙali.

Ni kafinta ne a Karu. A aji biyu na sakandare na tsaya, kuma a garin nan in ba ka da Turanci da ɗan'uwa a ma'aikata, ko ƙusa ba mai ba ka ka buga. Wata uku ina kallon zarto yana tsatsa, sai aka kira ni wani ƙaramin zaure a Garki in haɗa kayan dandamali: ƙofa, taga, da bencin 'yan makaranta.

Mai aikin ana ce mata Anti Zulai. Ita ta rubuta wasan, ita ce kuma babbar mai fitowa. Ranar farko Emeka mai fitilu ya ja ni gefe ya ce, "Oga, ka sani ko? Wannan Madam, namiji an haife shi." Na ce ni katako aka kira ni in yanka. (Da na koma gida sai da na yi ta mita, amma washegari ni na riga kowa zuwa.) A garinmu ɗan daudu za a ce a wuce wurin. Ita cewa ta yi ita mace ce, kuma ta daɗe tana rubuta wasanni a kan haka, daga Legas har nan, sai mai katin gayyata ke shiga saboda tsaro. Wannan wasan labarin rayuwarta ne: yarinta, sayar da tuwo a tashar Zuba, har ranar da ta fara hawa dandamali.

Tana da wata ɗabi'a: gwaji ba ya jiran kowa. In ɗan wasa bai zo ba, duk wanda ke kusa shi zai karanta. Ran nan cunkoson Nyanya ya riƙe wani, sai ta miƙo min takarda.

"Malam kafinta, ajiye guduma. Ka iya karatu?"

"Hausa dai, ba a fi ni ba."

Wurin da na samu, wasan makarantar firamare ne. An rasa mai fitowa a mace, wani yaro ya ɗaura ɗankwali ya yi abin har ya fi matan. Ni kuma na karanta, da murya irin ta masu wa'azi: "Cire abin nan, ɗan iska! Ka zubar mana da mutunci!" A ƙasa an rubuta cewa sai mai maganar ya fizge ɗankwalin ya jefa rijiya.

Mai hankali zai yi shiru. Ni sai na ji bakina yana cewa, "Ai ba rijiya ba ce. Kan rufin aji huɗu ne. Makarantar ko rijiya ba ta da ita."

Emeka ya leƙo daga kan tsani. "Oga, yaya ka sani?"

Sai a lokacin na dubi Anti Zulai sosai. Habu. Habun ajinmu a Funtuwa, wanda na fizge wa ɗankwali, na ja yara muka raka shi da waƙa har ƙofar gida, bai ƙara zuwa makaranta ba. Wallahi da ƙasa ta tsage da na gode mata.

Ta ce a ci gaba. Ni kuwa na koma bayan ƙofar da na haɗa, gumi har cikin takalmi. Abu ɗaya ke cina: jibi za a yi wasan, kowa da waya a hannu. In ta kira sunana da na mahaifina a dandamali, kafin la'asar 'ya'yana mata sun gani a Karu. Su da suke ɗauka ubansu ko kaza ba ya iya tsawata wa.

Da aka tashi na same ta tana goge kwalli.

"Anti... tun yaushe kika gane ni?"

"Tun da ka shigo kana tura baki. Ɗan gidan mahauci, ba ka canza ba, tumbi kawai ka ƙara."

"To me ya sa kika bar ni a aikin?"

"An ce ƙofarka ba ta faɗuwa."

Na ce, "Sunana yana cikin wasan?"

Ta yi dariya har da riƙe tebur. "Malam, wasan awa biyu ne. Layi uku gare ka. Duba saman takardar."

Na duba. An rubuta: Yaro na Biyu.

Na saki numfashin da na riƙe tun azahar. Sai kuma (Allah ya shirye ni) na ji wani ɗan haushi. Na biyu? Wane ne na ɗaya?

Na ce, "Ki yafe min."

Ta daina dariya. "Wannan ba maganar tsaye ba ce, kuma ba yau ba. Je ka gyara min tagar nan, tana kuka."

Na gyara ta kamar tagar ɗakin uwata. An yi wasa, an tafa, ba wanda ya waiwayo ni.

Abin da na koya ba shi da yawa. Wanda ka zalunta ba zaune yake yana haddace sunanka ba, yana da aikin yi. Kuma in ka ji ana ba da labarin wani mugu an yi kuskure a ciki, don Allah ka bar kuskuren yadda yake.