Jakin Ƙarfen Kaka

"...da gajiyar hanya? Ko da yake wanda ba ya aikin fari balle na baƙi, ina zai samo gajiya?"

"Gajiya ta bi lafiya, amaryata. Yaya tsufa?"

"Tsufa yana wajen uwarka."

"To ai ke kika haife ta, kin ga ciwon daga tushe yake."

Haka Kaka da jikanta Guguwa suka gaisa kamar jiya suka rabu, alhali ya kwashe shekaru a ƙasar waje yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Ita ta laƙaba masa sunan tun yana ƙarami, don in ya shigo ɗaki sai wani abu ya fashe kafin ya fita. Yau kuwa ba wasa kaɗai ya kawo shi ba. Kwanakin baya Kaka ta zame a banɗaki, shi kuma ya aiko mata ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta ƙi ko gwada shi. Kawu, babban ɗanta, ya gaji da lallashi ya yanke hukunci: da la'asar zai zo ya mayar da ita gidansa, ta bar ɗakin da ta raini 'ya'yanta duka a ciki. Jakar da ya aiko a zuba kayanta tana bakin gado, Kaka ta ɗora ƙafafu a kai.

Guguwa ya waiga ya hango ƙarfen a gindin taga. Kallabi, tawul da safa suna rataye a jikinsa suna shan iska.

"Tsohuwa! Abin da na aiko ta jirgin sama, shi kika mayar igiyar shanya?"

"Allah ya yi maka albarka. Tunda aka haife ka ba ka taɓa yin abin kirki kamar wannan ba. Kafin in gama shan shayi kallabina ya bushe."

"Na tafiya ne fa!"

"To ya tafi mana, wa ya riƙe shi? Ƙafa huɗu gare shi, ni biyu. Jaki ka aiko mini, jakin ma marar kai. Sai yau da ka shigo na ga kan ya iso."

"Za ki sani. Wannan rashin kunyar ce ta sa ban kawo miki tsaraba ba."

"Da ma kai har miji ne? Mazan kirki turare suke aiko wa matansu, kai sai ƙarfe."

"Turare a jikinki ai asara ne, man zafi ya riga ya mamaye filin."

Kaka ta ɗaga mafici za ta kwaɗa masa, ya kauce yana dariya. Sai ya je wajen ƙarfen ya fara sauke kayan ɗaya bayan ɗaya, yana ninkewa yana jerawa a kan gado. Ta bi hannunsa da kallo, mamaki ya kama ta.

"Ikon Allah. Kai ne kake ninke kaya? Kai da rigarka sai an bi ta ƙarƙashin gado da tsintsiya? Wa ya koya maka?"

"Wuya."

"Wuya makarantar kare."

"Na ji, ni ne karen, kuma na gama da sakamako mai kyau. Kin dai san Kawu yana hanya?"

"Ya zo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ko kai ma ɗaukar jaka ka zo taya shi?"

Guguwa ya jawo ƙarfen gabanta, ya durƙusa yana daidaita tsayinsa.

"Da na sauka can, Kaka, ɗakina bai fi banɗakinki ba. Ba wanda ya san sunana, ba wanda zai zage ni. Wallahi har zaginki na yi kewa."

"Da ka bugo waya ai da na aika maka cike da buhu."

"Akwai wani tsoho da nake kula da shi, direban jirgin ƙasa ne a da. In za mu ɗakin cin abinci sai in kama hannunsa in ja, ina sauri. Rannan ya tsaya cak ya ce shi ba kaya ba ne. Daga ranar na koyi tafiya da takunsa. Shi ma irin wannan ƙarfen ya ƙi, har 'ya'yansa suka raba shi da gidansa. Kullum yana bakin taga yana neman titin da ya sani. Ni na ɗanɗana zaman ɗakin da ba naka ba, ba na so ki ɗanɗana."

Kaka ta dubi bangon da hoton marigayi mijinta yake rataye. Tsoro ne ya cika ta, ba taurin kai ba, kuma ta gaji da ɓoye shi.

"In na riƙe wannan abin, maƙwabta za su ce ta ƙare."

"Da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya ce kin ƙare, taka masa ƙafa. Yanzu shida gare ki."

Ta yi tsaki, ta ture jakar da diddige, ta kama ƙarfen da hannu biyu. Da ƙyar ta miƙe. Guguwa bai taɓa ta ba, ya dai tsaya gefenta, tafinsa a buɗe kusa da bayanta.

"Ka kama ni mana, malalaci!"

"A'a, ke ba kaya ba ce. Tura shi gaba, sannan ki bi shi."

"Yau ga ranar da jaki ke gaba, mai shi na baya."

Ta taka, ta sake takawa. Suka wuce gado, suka wuce teburin shayi, shi yana jan ƙafa daidai da nata. Suna tsakar falo sai ga sallamar Kawu da ƙwanƙwasa ƙofa. Da Guguwan da ne, da ya yi tsalle ɗaya ya buɗe. Wannan ko motsi bai yi ba.

"Kawu, yi haƙuri kaɗan," ya ɗaga murya. "Matar gidan tana tafe."

Aka daɗe kafin ta isa, amma ta isa. Ta zare sakata da hannunta. Kawu ya tsaya baki buɗe, makullin mota a hannu, yana duban uwarsa a tsaye.

"Me kake kallo? Shiga ka ɗauki jakarka. In kana neman abin zubawa a ciki, ga mijina nan, ba ya tsinana mini komai."

Kawu ya yi ajiyar zuciya, ya shige ɗaki yana murmushi. Kaka ta juyo tana haki, ta fashe da dariya har ƙarfen yana girgiza.

"Ka ci ni, ɗan nema. Tafiyar nan ta yi maka rana. Ungo tukuicinka: daga yau na sauke maka Guguwa."

"Alhamdulillahi! Sai wanne?"

"Hawainiya."

"Na karɓa hannu bibbiyu."

"To, Hawainiya, jeka ka nemo mini igiyar shanya. Ban da gudu."

Kawu ya fito ya wuce su zuwa mota, jakar tana lilo a hannunsa ba komai a ciki.