Kwalba Mai Wuyan Zinariya a Sunan Jikata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan jikata a Deptford, shekarar da na zo London yi wa surukata Hadiza wankan jego. Ɗana na fari (ba na kiran sunansa, ku ma kun sani) yana aikin asibiti, ni kuwa na naɗa kaina mai gadin kicin. Ban yi boko ba, rubutun jikin gwangwani zane ne a wurina, amma ina da hanci. Biskit ɗin da ban yarda da shi ba sai kwandon shara. Hadiza ta ce, "Umma, na duba, babu man alade." In ce, "'Yar nan, takarda ba ta sansana abinci."

A tarukan mutanenmu a nan akwai ruwan inabi mai kumfa da ake sha, marar giya, kwalbarsa da takardar zinariya a wuya. Ana gobe suna na je shagon wani ɗan Portugal inda nake sayen busasshen kifi, sai ga kwalaben a jere, ga arha. Na ce a raina, giyar masu kuɗi ba ta arha haka. Bawan Allah ya yi ta bayani, yana kifa kwalbar yana juya ta da hannu. Na ba shi duk Turancin da na mallaka: "Yes, yes." Na sa aka kawo mini katan guda.

Da hantsi maza sun cika falo, har da liman. A gidanmu ba a kai wa baƙo abin da uwar gida ba ta ɗanɗana ba, don haka na buɗe ɗaya a kicin. Murfin ya yi tsalle ya bugi silin. Na sansana: ba warin burukutu, sai ƙamshi kamar ƙullun waina da ya kwana. Na kurɓa. Babu zaƙi ko kaɗan, ɗan tsami-tsami, ga ƙananan kumfa suna tsikarin harshe. Likita ya hana ni sukari, sai na ce to, yau an tuna da tsofaffi. Na ƙara. Na kuma ƙara (don in tabbatar, ba don komai ba).

Mma Fati, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, tana juya dafa-duka a gefe. Ban san lokacin da na dafa kafaɗarta ba na ce, "Wallahi shinkafarki ta fi tawa." Ta saki ludayi, ta ce da Hausarsu ta Kumasi mai ce wa mace "kai": "Hajiya, kai ne ke dariya? Tun da ka zo ban ga haƙorinka ba!" Ni da ko a bikina ban taka rawa ba, sai ga ni ina waƙar gaɗa ina jera kofuna a faranti.

Na ɗauki farantin na nufi falo, kofin liman a gaba. Saura taki kaɗan Hadiza ta fito daga ɗaki da jaririya a kafaɗa. Ta dubi kwalbar, ta dube ni. Ta matso har kunnena.

"Umma, giya ce. A cikin kwalbar ake barin ta ta tsima, shi ne kumfar."

Na dubi kofin liman a farantin. Da ta ɗaga murya ko kaɗan, da kafin la'asar labarin ya kai wurin mutanenmu na unguwar Whitechapel, kafin sati ya kai Kano. Kuma da ta yi, ban isa in ce ta zalunce ni ba.

Sai ta miƙo mini jaririyar, ta karɓi farantin, ta leƙa falo ta ce, "A yi haƙuri, an yi cancel ɗin lemon, zoɓo na zuwa." Mijinta ya biyo ta yana tambayar wa ya sayo. Ta ce, "A shago aka yi kuskure. Umma ce ma ta ɗanɗana ta gano." Sannan ta karɓe 'yarta, ta kai ni gado, ta ce wa mata hawan jini ne.

Na yi istigfari har na gaji. Allah ya san ban sani ba, wannan bai hana ni barci ba. Abin da har yau nake jin nauyinsa shi ne daɗin da abin ya yi mini. Na dai koyi cewa ranar da ka ga ina fara'a babu dalili, kada ka taya ni murna, ka karɓe kofin hannuna ka kira Hadiza.