Janar Shitu da Toron Giwar da Ya Kumbura Sau Shida

Allah ya yi wa Bakori baiwar masara da dawa da auduga, amma duk ba su kai Alhaji Shitu ba. Wanda yake shakka ya tambayi Alhaji Shitu. Shekara ashirin da biyu ya yi yana awon auduga, kuma a duk tsawon zamanin nan sikelinsa bai taɓa yin kuskuren da ya cuci Alhaji Shitu ba. Mutum ne mai tsari. Ko atishawa zai yi sai ya jira jama'a sun taru.

A shekarar tamanin da tara ya je Umra. Mutane kan dawo da zamzam da dabino da carbi. Shi ma ya dawo da su, ya kuma ƙara da wani baƙin akwati da ya saya a Jidda, faɗinsa bai wuce faifai ba. Ana haɗa shi da talabijin, a cusa masa kaset, sai dodanni su bayyana. Wasan shi ne ka shiga daji ka kamo dodo, ka tara su, ka riƙa haɗa su faɗa bi da bi, kai ka yi naka, abokin karawa ya yi nasa. Kowane dodo da lambobinsa a gefe: ƙarfi, garkuwa, sauri. Bisa kansa kuma akwai jan layi. Ranar da layin ya ƙare, dodo ya faɗi.

Sati biyu akwatin yana kan tebur, Alhaji yana zagaya shi kamar kaza ta ga sabon akurki. Daga ƙarshe ya aika aka kira Raufu mai gyaran rediyo, wanda yake zaune a shagon Alhaji na bakin titi. Iyayen Raufu daga Ogbomosho suka zo, shi kuwa a Funtuwa aka yanke masa cibiya. Ya haɗa wayoyi, ya karanta Turancin, ya rubuta ma'anar kowane madanni da Hausa a bayan kwalin sukari. Washegari Alhaji ya sanar a ƙofar gida cewa bayan nazari mai zurfi ya gano sirrin na'urar, yaron nan Raufu ya dai riƙe masa waya. Yaron shekararsa arba'in da ɗaya, har da furfura.

A kwalin nan ne Alhaji ya gamu da abin da ya dace da ruhinsa. Ashe ba duka kawai dodo yake yi ba. Akwai Kumbura, mai ƙara garkuwa. Akwai Wasa Haure, mai ƙara ƙarfi. Akwai Harara, mai rage garkuwar abokin gaba, da Gurnani, mai karya masa ƙarfi. Alhaji ya karanta, ya ji kamar tarihin rayuwarsa aka rubuta.

Kullum bayan la'asar sai a tayar da janareto, a fito da talabijin ƙarƙashin dalbejiya, a fara karatu.

"Duka aikin ɗan dako ne," in ji shi. "Babban mutum ba ya kai hannu. Da farko ka kumbura. In ka kumbura, ka sake kumbura. Sannan ka harari abokin gaba har ya raina kansa. Lokacin da za ka taɓa shi, ya riga ya mutu, jana'iza kawai za ka halarta. Turawa sun ɓoye wannan ilimi cikin wasa don kada talaka ya gane. Ni kuwa na gane."

Jibo mai tireda, wanda bakinsa ba ya zama shiru, shi ya fara kiransa Janar. Da zolaya ya faɗa. Kafin Juma'a Alhaji ya sa an rubuta sunan a bayan motarsa da jan fenti.

Rundunar Janar ta kai dodo arba'in da uku, kowanne da sunan da ya raɗa masa. Babbansu Toron Giwa. Gaskiya ne bai taɓa faɗuwa ba. Gaskiya ne kuma bai taɓa ƙetare kogin da ke cikin wasan ba, inda manyan dodanni suke. A bakin gari yake tsayawa yana yaƙi da kwaɗi. Sai ya kumbura sau shida a gaban kwaɗo, ya wasa haure, ya harare shi, ya yi masa gurnani, sannan ya taka shi. Kwaɗon da taku ɗaya ya ishe shi tun farko. Amma wa ya isa ya faɗa? Rabin masu kallo suna jiran aron taraktarsa ne.

Ilimi irin wannan ba a barinsa cikin akwati. Da damina ta yi nisa tsutsa ta faɗa wa audugar Janar, malamin gona ya ce a yi feshi cikin satin nan. Janar ya dube shi da tausayi.

"Gaggawar kai hari ita ta kashe ƙananan kwamandoji. Sai mun ɗaga lambobinmu tukuna."

Aka kafa allo a bakin gona mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa. Aka yi wa ƙyauren shinge fenti. Shi da kansa ya je ya tsaya a kan kunya, hannu a baya, ya harari gonar tun daga gabas har yamma. Tsutsa kuwa ba ta yi makaranta ba, ba ta san garkuwarta ta ragu ba. Ta ci ganye, ta ci ƙwallo, ta bar masa allo.

Ana cikin haka akwatin ya ƙi tashi. Janar ya lulluɓe shi da ƙyallen karan-miski don girmamawa, zafi ya dafa cikinsa. Kwana tara akwatin ya yi a shagon Raufu. Da ya dawo yana aiki sarai, sai dai da Janar ya ƙirga runduna ya tarar da arba'in da huɗu. Can ƙarshen layi ga wata 'yar gafiya, ramammiya, kunne ɗaya a karye.

"An shigo mini da ɗan talaka cikin sojoji," in ji shi. "Wannan juyin mulki ne. A gaya wa Raufu ya kwashe tarkacensa daga shagona kafin ƙarshen wata."

Shekara goma sha huɗu Raufu ya yi a shagon nan. Duk mai rediyo daga nan har Dayi ya san ƙofar. Ya zo ya durƙusa, ya ba da haƙuri, Janar ya harare shi sau biyu ya yi masa gurnani sau ɗaya.

Washegari da la'asar sai ga Kudirat, matar Raufu, mai sayar da lemon kwalba da ƙanƙara a gaban shagon. Ta gaida jama'a ɗaya bayan ɗaya, ta russuna.

"Alhaji, ba maigidana ba ne. Ni na kama ta. Ya ce in riƙa gwada masa akwatin in ga ko zai sake ɗaukewa, ni kuma na ga gafiyar ta ba ni tausayi. A yi mana afuwa."

"Ke? Kin san abin da kika taɓa kuwa?"

"Kaɗan na sani, Alhaji. Na dai ga akwatin yana da ramin linzami biyu."

Linzami shi ne abin da Janar yake kiran madannan da ake riƙewa. Na biyun yana ƙasan adakarsa tun ranar da ya sauka daga jirgi. Jibo ya gyara hula ya ce ai abin ya zo da sauƙi, Janar ya nuna mata ilimi a gaban kowa, ko don na baya su ji tsoro. Mutane suka ce ƙwarai kuwa. Janar ya duba dama, ya duba hagu, ya ga babu ƙofa. Ya ce ya yarda: in ta ci, shago ya zauna, in ta faɗi, ba sai ƙarshen wata ba, jibi.

Ya shiga gida ya sako riga uku, ɗaya kan ɗaya. Aka fito da linzami na biyu da ledarsa. Toron Giwa ya cika rabin talabijin, gafiya ta tsuguna a kusurwa kamar an zo da ita shaida.

Janar ya danna Kumbura. Gafiya ta yi cizo, jan layin Toro ya ɗan motsa. Ya sake kumbura, ta sake cizo. Da aka kai na shida cizon ya zama kamar sauro a ƙahon sa. Ya wasa haure sau uku, ya harare ta har garkuwarta ta kwanta ƙasa. Raufu yana tsaye a baya, yana tunanin inda zai kai matattun rediyo sittin da injin waldarsa. Taku ɗaya ya rage.

"Janar, a taka ta mana," in ji Jibo.

"Kai da tireda ka sani. Saura gurnani. Ba a yi wa nasara gaggawa."

Ya yi gurnaninsa. Kudirat ta goge hannu da bakin zane, ta danna wani madanni da Janar bai taɓa kulawa da shi ba, don gafiya ce kaɗai take da shi. Sunansa Dariya. Gafiya ta riƙe ciki ta yi ƙi-ƙi-ƙi. Nan take duk lambobin da aka ɗaga da waɗanda aka sauke suka koma yadda Allah ya halicce su. Toro ya sace kamar tayar keke ta taka ƙaya.

Ko a lokacin, da ya taka ta sau biyu da an gama. Amma babban mutum ba ya kai hannu.

"Za mu sake gini daga tushe," in ji shi.

Ya kumbura, ta ciza. Ya kumbura, ta yi dariya, ta ciza. A dariya ta uku masu jiran tarakta suka kasa daurewa, suka taya gafiya. Jan layin Toro ya koma kamar zaren ɗinki. Sai a nan Janar ya tuba, ya nemi madannin taku, yatsa kuwa ya bi hanyar da ya saba. Toron Giwa ya kumbura kumburinsa na ƙarshe, gafiya ta cije shi a ƙafa, ya kife.

Kudirat ta ajiye linzami a hankali, ta russuna ta ce, "Mun gode, Alhaji. Allah ya ƙara girma." Jibo ya ce a dai rage masa, girman ne ya kawo haka.

Janar ya miƙe, ya tattara rigunansa uku, ya fuskanci jama'a.

"Abin da kuka gani dabara ce mai zurfi, ba kowane kai zai ɗauka ba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne."

Da sassafe ya shiga mota ya tafi Dandume, wai duba ƙanwarsa. Sati ya wuce, wata ya wuce. Raufu yana shagonsa yana walda. Ran nan Jibo ya gamu da Hajiya Ladidi, matar Janar, za ta gidan suna, ya tambaye ta yaushe ragon nasu zai kawo karo.

"Har yanzu baya yake ja," in ji ta. "Jiya na sami labari ya kai Birnin Gwari."